Yadda Ake Lissafin Hanyar Tauraruwa Mai Wutsiya

Ranar 28 ga watan Yuli na shekarar 2061, tauraruwa mai wutsiya da ake kira Halley za ta iso wuri mafi kusa da rana a kan hanyarta, in Allah ya so. Masana ilmin taurari sun fitar da wannan kwanan wata tun shekaru da dama da suka wuce, alhali kuwa rabon da wani ya ga tauraruwar da ido ƙiri-ƙiri tun 1986. Ɗalibin da aka haifa a 2010 zai kasance yana da shekara 51 a lokacin, kuma idan rai ya kai, zai iya fita waje ya ɗaga kai ya tabbatar wa kansa ko lissafin ya yi daidai.

A da, a ƙasar Hausa da sauran sassan duniya, bayyanar tauraruwa mai wutsiya abin fargaba ne. Akan ce alama ce ta rasuwar wani babban sarki, ko yunwa, ko yaƙi. Abin da ya ƙara mata kwarjini shi ne ba a san daga inda ta fito ba, ba a kuma san inda za ta ba. Wata da rana da Zuhura kowa ya san lokutansu, ita kuwa sai dai a wayi gari a gan ta. Wannan maƙala za ta nuna cewa ita ma tana da ƙayyadaddiyar hanya, kuma ɗalibin sakandare da ya iya ninkawa da rabawa zai iya gano tsawon hanyar da faɗinta da saurin tafiyar da ake yi a kanta. Ni malamin ilmin halittu ne, lissafin sama ba shi ne fagena ba, don haka duk abin da na iya bi daki-daki a nan mai karatu ma zai iya.

Siffar hanyar

Samu turaku biyu ka kafa su a ƙasa da ɗan tazara a tsakani. Ɗaure bakin igiya ɗaya a wannan turke, ɗaya bakin a wancan, amma igiyar ta fi tazarar turakun tsawo. Sai ka sa tsinke ka ja igiyar ta miƙe sosai, ka kewaya turakun kana zane a ƙasa ba tare da ka bari ta yi sako-sako ba. Siffar da za ta fito ita za mu kira miƙaƙƙiyar da'ira. Wasu kan ce da ita siffar ƙwai, amma wannan bai cika daidai ba, domin ƙwan kaza gefe ɗaya ya fi ɗaya tsini, ita kuwa gefunanta biyu daidai suke. Wanda ya taɓa duba jinin raƙumi a madubin ƙara girma ya ga wannan siffa, don jajayen ƙwayoyin jinin raƙumi miƙaƙƙu ne, saɓanin namu da suke kewayayyu.

Abu biyu ya kamata a riƙe daga wannan zane. Na farko, ko'ina tsinken ya tsaya, nisansa daga turke na ɗaya haɗe da nisansa daga turke na biyu daidai yake da tsawon igiyar, kuma tsawon igiyar shi ne tsawon siffar daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Na biyu, gwargwadon yadda aka nisanta turakun, gwargwadon yadda siffar za ta miƙe. Idan aka haɗe su wuri guda, cikakkiyar da'ira za a samu. Ana auna wannan miƙewa da lamba guda, wato tazarar turakun a raba da tsawon igiyar. Za mu kira ta adadin miƙewa. Na cikakkiyar da'ira sifili ne, na hanyar duniyarmu 0.017 ne, wanda ido ba zai iya bambanta shi da da'ira ba.

Bajamushen nan Johannes Kepler shi ya gano a 1609 cewa duniyoyi suna kewaya rana a kan irin wannan hanya, kuma rana tana zaune a gurbin turke ɗaya, ɗaya gurbin kuwa babu komai a cikinsa. Ya kuma gano cewa idan aka ja layi daga rana zuwa duniyar da ke tafiya, layin yana share fili iri ɗaya a lokaci iri ɗaya, kamar mai shara da tsintsiyar da ke tsawo tana gajarta. Idan tsintsiyar ta gajarta, dole ya yi sauri kafin ya share filin da doguwa za ta share a hankali. A 1619 ya ƙara doka ta uku, wadda ta danganta tsawon hanya da shekarun da ake yi kafin a kewaye ta. Abin mamaki, Kepler ya ga tauraruwar nan da idonsa a 1607, amma ya ɗauka taurari masu wutsiya miƙe suke wucewa sambal, bai yi zaton dokokinsa sun hau kansu ba.

Isaac Newton ne ya nuna, a littafinsa na 1687, cewa ƙarfin janyowa na rana shi ke haifar da dokokin Kepler, kuma wannan ƙarfi bai ware tauraruwa mai wutsiya ba. Ya gwada hakan da wadda ta bayyana a 1680.

Matsalar da ke gaban mai lissafi

Mai duban sama ba ya ganin nisa. Abin da na'urar hangen nesa ke ba shi a dare guda kusurwa biyu ne kawai, waɗanda ke nuna ta wane sashe na sama abin yake. Ko yana kusa ko yana nesa, wannan a ɓoye yake. Ƙari a kan haka, shi kansa mai duban yana kan duniya wadda ke gudun kilomita kusan 30 a kowace daƙiƙa, saboda haka motsin da yake gani gauraye ne da nasa motsin.

Kafin a ce an san hanyar wani abu a sama, sai an san lambobi shida. Biyu suna ba da girman hanyar da miƙewarta. Uku suna nuna yadda ta karkata da inda ta fuskanta a sarari. Ta shida ita ce lokacin da tauraruwar ta fi kusantar rana. Tun da kowane dare yana ba da lambobi biyu, duba uku a darare daban-daban zai ba da shida, wanda a ƙa'ida ya isa. Newton ya fito da dabarar yin haka ta hanyar zane da gwaji, Heinrich Olbers ya sauƙaƙa ta a 1797, sa'an nan Carl Friedrich Gauss ya kawo hanyar da ta fi kowace inganci, wadda da ita aka sake gano ƙaramar duniyar Ceres a ƙarshen 1801 bayan ta ɓace wa masu dubanta. Wannan lissafi ya fi ƙarfin sakandare, ba za mu shiga cikinsa ba. Amma akwai wata wahala a ciki da ya kamata a fahimta, domin ita ce ta sa aikin Halley ya zama abin a yaba.

Ana ganin tauraruwa mai wutsiya ne kawai a 'yan watannin da take kusa da rana, wato a wani ɗan guntu na hanyarta. A wannan ɗan guntu, hanyar da za ta rufe ta dawo da wadda za ta buɗe ta tafi har abada kusan kamarsu ɗaya. Nan gaba za mu ga da lambobi yadda bambancin yake ɗan ƙanƙani. Na'urorin ƙarni na 17 ba su iya rarrabe su, don haka Edmond Halley, masanin taurari na Ingila kuma abokin Newton, ya ɗauki kowace hanya a matsayin buɗaɗɗiya don sauƙin lissafi. Ya tattara bayanan taurari masu wutsiya 24 da aka gani tsakanin 1337 da 1698, ya lissafa hanyar kowace da hannu, ya jera sakamakon a jadawali, ya buga a 1705.

Da ya dubi jadawalin sai ya ga layuka uku sun yi kama ƙwarai: ta 1531 da Peter Apian ya duba, da ta 1607 da Kepler ya gani, da ta 1682 da shi kansa ya duba. Karkatarsu kusan ɗaya, kusancinsu da rana kusan ɗaya, kuma dukkansu suna kewaya rana ta fuskar da ta saɓa wa ta duniyoyi. Tsakanin ta farko da ta biyu shekara 76, tsakanin ta biyu da ta uku kusan 75. Halley ya yanke cewa tauraruwa guda ce ke dawowa, ya kuma ce a saurare ta wajen 1758. Ke nan abin da na'ura ta kasa ba shi, tarihi ya ba shi, wato tsawon lokacin kewayen. Da wannan lamba guda sauran lissafin ya buɗe.

Mu yi lissafin da kanmu

Kilomita ta yi ƙanƙanta ga wannan aiki. Masana suna amfani da matsakaicin nisan duniya daga rana, kimanin kilomita miliyan 150, a matsayin ma'auni guda. A nan za mu kira shi taki. Duniya tana taki 1 daga rana, Mushtari taki 5.2, Zuhal taki 9.5, Neftun kuwa taki 30.

Bari S ta zama shekarun kewaye, R kuma ta zama rabin tsawon hanyar a taki. Dokar Kepler ta uku tana cewa:

S × S = R × R × R

Kafin mu amince da ita, mu gwada ta da Mushtari. 5.2 × 5.2 × 5.2 ya ba da 140.6, kuma lambar da za a ninka da kanta a sami haka ita ce 11.86. Shekarun da Mushtari ke yi kafin ya kewaye rana ke nan.

Ga tauraruwar Halley, S ita ce 76. To, 76 × 76 = 5,776. Wace lamba za a ninka da kanta sau uku a sami 5,776? Idan muka gwada 18 za mu sami 5,832, ya ɗan zarce. Idan muka gwada 17.9 za mu sami 5,735, bai kai ba. Amsar tana tsakani, kimanin 17.94. Wannan shi ne rabin tsawon, saboda haka tsawon hanyar gaba ɗaya taki 35.9 ne.

Lamba ta biyu da muke bukata ita ce wadda dubawa ke bayarwa da kyau, wato nisan tauraruwar daga rana a lokacin da ta fi kusantarta. Wannan wuri za mu kira shi zangon kusa, kuma nisansa taki 0.59 ne, kimanin kilomita miliyan 88, wato ta shige cikin hanyar Zuhura. Tun da rana tana kan layin da ya ratsa hanyar ta tsawonta, zangon nesa shi ne abin da ya rage: 35.9 a cire 0.59, saura 35.3. Wannan ya wuce Neftun. Lokacin da Halley ya yi aikinsa Zuhal ce duniya mafi nisa da aka sani, don ba a gano Neftun ba sai 1846, ga shi lissafi ya kai shi wurin da ya ninka nisan Zuhal kusan sau huɗu.

Daga tsakiyar siffar zuwa rana akwai 17.94 a cire 0.59, wato 17.35. Tazarar turakun biyu ninkin wannan ce, 34.7. Adadin miƙewa kuwa 34.7 a raba da 35.9, wanda ya ba da 0.967. Rabin faɗin hanyar ana samunsa ta ninka zangon kusa da zangon nesa, a nemi lambar da ta ninka kanta ta ba da sakamakon: 0.59 × 35.3 = 20.8, amsar kuwa 4.56. Faɗin hanyar ke nan taki 9.1, tsawonta 35.9, kusan ninki huɗu.

Ina ba malamai shawara su fitar da ɗalibai filin ƙwallo su zana wannan, a ɗauki mita 1 a matsayin taki 1. A kafa turaku biyu mita 34.7 tsakani, a ɗaure musu igiya mai tsawon mita 35.9, a zana. A ɗauki turke ɗaya a matsayin rana, a kewaye shi da da'ira mai mita 1 daga turken, ita ce hanyar duniya. Ɗalibin da ya tsaya a zangon nesa ya waiwayo ya ga ƙanƙantar da'irar da muke rayuwa a kanta zai fahimci abin da allo ba zai nuna masa ba. Sai dai a gaya musu cewa a sarari hanyar tauraruwar ba a kwance take da ta duniyoyi ba, ta karkata da kimanin digiri 18.

Sauri da lokaci

Daga dokokin Newton an fitar da ƙa'idar da ke ba da saurin abu a kowane wuri a kan hanyarsa. Idan N ita ce nisansa daga rana a taki, sai a raba 2 da N, a cire 1 da aka raba da R, a nemi lambar da ta ninka kanta ta ba da abin da ya rage, sa'an nan a ninka da 29.8, wanda shi ne saurin duniya a kilomita cikin daƙiƙa. A zangon kusa, 2 a raba da 0.59 ya ba da 3.390, 1 a raba da 17.94 ya ba da 0.056, saura 3.334. Lambar da muke nema 1.826 ce, idan aka ninka ta da 29.8 za a sami kilomita 54.4 a daƙiƙa guda.

Yanzu mu koma ga wahalar da muka ambata. Idan hanyar buɗaɗɗiya ce, wadda ba a dawowa, babu abin da za a cire daga 3.390, kuma saurin zai zama kilomita 54.9 a daƙiƙa. Rabin kilomita kacal, ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari, shi ne tsakanin tauraruwar da za ta dawo bayan shekara 76 da wadda ba za a sake ganinta ba. Kuskure kaɗan wajen awo zai iya mai da shekara 76 ta zama ɗaruruwa. Shi ya sa idan aka gano sabuwar tauraruwa mai wutsiya, masana kan yi ta gyara adadin shekarunta yayin da bayanai ke ƙaruwa.

A zangunan biyu, dokar shara ta Kepler tana nufin nisa sau sauri daidai yake a nan da can. Zangon nesa ya ninka na kusa sau 60, don haka saurin can kashi ɗaya cikin 60 ne na nan, wato kilomita 0.9 a daƙiƙa. Tauraruwar ta kai wannan wuri a watan Disamba na 2023, kuma tun daga lokacin ta juyo tana ƙara sauri sannu a hankali.

Dokar sharar tana kuma gaya mana lokaci, kuma a ganina nan ne lissafin ya fi daɗi. Filin siffar duka shi ne 3.142 × 17.94 × 4.56, wato 257, kuma layin da ya haɗa rana da tauraruwar yana share shi cikin shekara 76. Shekara nawa za ta yi daga zangon kusa zuwa inda hanyar ta fi faɗi, wato rubu'in tafiyar? Mai gaggawa zai ce rubu'in 76, shekara 19. Amma rana ba a tsakiya take ba. Filin da aka share shi ne rubu'in siffar, 64.3, a cire alwatikar da ke tsakanin rana da tsakiyar siffar da inda tauraruwar take. Gindin alwatikar 17.35, tsayinta 4.56, filinta rabin ninkinsu, 39.6. Saura 24.7. Idan aka raba 24.7 da 257 aka ninka da 76, za a sami shekara 7.3 kawai. Ke nan rabin hanyar da ke kusa da rana ana cinye shi cikin shekara 14.6, rabin da ke nesa kuwa yana cin fiye da shekara 61. A cikin da'irar hanyar duniya, inda take yin haske da wutsiya sosai, ba ta cika wata uku.

Abin da ke karkatar da lissafin

Duk abin da muka yi ya ɗauka cewa rana ce kaɗai ke jan tauraruwar. Halley ya san ba haka ba ne, don ya ga tazarar dawowarta ba ta tsaya daidai ba, kuma ya zargi Mushtari da Zuhal. Ya rasu a 1742 yana da shekara 85, bai ga sakamakon hasashensa ba. Faransawa uku ne suka ɗauki aikin: Alexis Clairaut da Joseph Lalande da wata mace, Nicole-Reine Lepaute. Sun shafe watanni suna lissafi da hannu, suna bin tauraruwar mataki-mataki suna auna jan da manyan duniyoyin biyu suka yi mata. Suka gano cewa za ta makara da kwana 618, Mushtari ya jawo 518, Zuhal 100. Clairaut ya sanar cewa za ta kai zangon kusa a tsakiyar Afrilu na 1759, da yiwuwar kuskuren wata guda. Wani manomi Bajamushe mai sha'awar duban sama, Johann Palitzsch, shi ya fara hango ta ranar 25 ga Disamba 1758, kuma ta kai zangon kusa ranar 13 ga Maris 1759. Kuskuren ya tsaya a kan wata gudan. Ta sake dawowa a 1835 da 1910 da 1986, kuma da aka bi lissafin baya an dace da bayanan da mutanen Sin suka rubuta tun shekara ta 240 kafin haihuwar Annabi Isa. Saboda jan duniyoyi, tazarar takan kama daga shekara 74 zuwa 79, shi ya sa 76 da muka yi aiki da ita matsakaici ce. Daga Fabrairun 1986 zuwa Yulin 2061 shekara 75 da rabi ne.

Akwai wani abin kuma da su Clairaut ba su sani ba. A 1950 Fred Whipple na Amurka ya bayyana cewa cibiyar tauraruwa mai wutsiya dunƙulen ƙanƙara ne gauraye da ƙura. Idan ta kusanci rana, ƙanƙarar kan zama tururi ya feso da ƙarfi, kuma feshin yana ɗan tura dunƙulen kamar yadda iska ke tura balan-balan da aka sake. Ga tauraruwar Halley wannan yana jinkirta dawowarta da kimanin kwana huɗu a kowane kewaye. Kumbon Giotto na Turai, wanda ya wuce ta da tazarar kilomita kusan 600 a watan Maris na 1986, ya ɗauko hoton cibiyar: baƙin dunƙule mai tsawon kilomita 15 da faɗin kusan 8, tururi na fesowa daga wasu wurare a jikinsa. Ƙurar da take zubarwa tana nan warwatse a kan hanyarta, kuma duniya tana ratsa ta sau biyu a shekara, a farkon Mayu da kuma wajen 21 ga Oktoba. Wanda ya fita da asuba a waɗannan ranaku, nesa da fitilun gari, zai iya ganin burbushinta suna ƙonewa a sama.

Ga aiki ga ɗalibai. Tauraruwar Encke tana kewaya rana cikin shekara 3.3, zangonta na kusa kuwa taki 0.34 ne. A nemo rabin tsawon hanyarta, da zangonta na nesa, da adadin miƙewarta, sa'an nan a faɗi ko tana kaiwa hanyar Mushtari ko ba ta kaiwa.